Bari In Duba

Yayana bai taɓa cutar kowa ba, kuma ni a ganina wannan ne babban laifinsa. Da yana da irin zuciyata, da tun ranar farko ya wanke mutum biyu tas an shafa masa lafiya. Shi kuwa irin mutanen nan ne da za ka taka musu ƙafa su ce maka sannu.

Malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandaren da ke bakin titin Ɗambatta. A gida kuma shi ne na'ibin babanmu, wanda ya daɗe yana limancin masallacin unguwarmu. Da yanar ido ta rufe wa Baba gani, gwiwoyinsa kuma suka soma gardama, sai ya riƙa tura yaya gaba, shi ya tsaya a sahun farko daga dama. Ba wanda ya ce uffan, don karatun yaya ya fi na kowa a wajen. Kowa kuma ya san burin Baba guda ne a duniya: mutanen nan su ci gaba da bin ɗansa salla, ranar da ta Allah ta kasance kuma ɗan nan ya sallace shi. Ya faɗa a gaban jama'a ba sau ɗaya ba.

Abu ɗaya yaya ke da shi da za a kira shiririta, shi ne kallon sama. Da ya je wani kwas a Kano sai ya haɗu da wani malami da zai bar ƙasar, yana neman rabuwa da kayansa. Yaya ya sayar da babur ɗinsa, ya dawo a motar haya rungume da wani farin bututun hangen taurari mai kaurin cinyar ƙato, da ƙafafunsa uku na ƙarfe, da kyamara, da tsohuwar kwamfuta irin ta tafi-da-gidanka. Daga ranar ya koma zuwa makaranta a keke. Na ce masa mutane na gaba yana baya. Ya yi murmushi ya ce abin da ya sayo ya fi babur nisan zango.

A gindin bututun akwai madubi mai ɗan zurfi kamar faranti, shi ke tattara hasken tauraro ya miƙo wa ido. In ya ga dama sai ya cire gilashin leƙawa ya maƙala kyamara a gurbinsa. A kwamfutar akwai wata manhaja da za ka faɗa mata garinku da lokaci, ta zana maka sararin sama da mazaunin kowane tauraro, na bara ko na baɗi. Akwai wata kuma da yake zuba mata tulin hotuna baƙi ƙirin waɗanda ni ban ga komai a cikinsu ba, ta ɗora su kan juna ta yi ta tacewa, can sai ga wani gajimare mai ja da shuɗi ya fito. Caji kuwa daga wani ɗan faifan sola yake samu a saman soron ƙofar gida. Bayan isha'i zai kinkimi kayansa zuwa gonar bayan gida. Yakan ce rashin wutar lantarkinmu arziki ne, mutanen birni da za su samu irin duhunmu da sun yi murna. Na ce su zo mu yi musaya.

Ba zan yi ƙarya ba, ranar da ya sa na leƙa na ga tauraron Zuhalu, ɗan mitsitsi da zobe kewaye da shi, sai da na yi salati. Baba da ba ya gani shi ya fi kowa jin daɗin abin. Zai sa a kai masa buzunsa bakin gona, ya ce yaya ya faɗa masa abin da yake gani. Yaya na bayani, Baba na jan carbi yana tasbihi. Ni ban taɓa ganin su biyun sun fi kusa da juna kamar a lokutan nan ba.

Mutane suka soma zuwa da tambayoyi na hankali. Yaushe ake sa ran ganin jinjirin wata, ina alƙibla take daidai ga wanda zai gina ɗan masallaci a ƙofar gidansa. Kowa ya tambaya, amsar yaya ɗaya ce kafin ya buɗe kwamfuta: «Bari in duba.» Haka kawai bakinsa ya saba. To amma a wajenmu duba fuska biyu gare ta. Ana duba mara lafiya, ana duba littafi. Mai duba kuwa shi ne wanda ke zama da farantin yashi a ɗaki mai duhu yana faɗa wa mutum wanda ya jefe shi. Rabin unguwarmu sun san hanyar gidan irinsa, dukkansu kuma in an zauna a majalisa sun fi kowa tsine masa.

A lokacin shekarun wuya sun riga sun shigo. Kwanon gero ya fi ƙarfin mai albashi, balle manomin da damina biyu ta yaudara. Taki sai dai a ji labarinsa. Gidaje da yawa an koma kwaɗon zogale da tafasa da rana, da dare a dama kunu tsararo a ce wa yara tuwo na kan wuta har barci ya kwashe su. Mutum mai yunwa ba ya rasa wanda zai ji haushi, nema kawai yake.

Cikin wannan hali ne wata rana bayan la'asar yaya ya juyo ya sanar da jama'a cewa jibi wata zai yi husufi jim kaɗan bayan isha'i. Ya ce ya faɗa ne don kada mata da yara su firgita, kuma kowa ya shirya nafila. Ladaninmu, wanda ɗan ƙanen Baba ne kuma ya girmi yaya, ya yi 'yar dariya ya ce Allah ya kai mu. Allah kuwa ya kai mu. A daidai lokacin da aka ce, gefen wata ya soma cinyewa, har ya koma ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Yara suka fito da gwangwanaye suna ta kiɗa kamar yadda aka saba. Na lura manya sun fi kallon yayana a kan watan.

Tun daga washegari irin baƙinsa suka canza. Wata ta zo da goro ƙulle a bakin zane, akuyarta ce ta ɓata. Wani ɗansa ya tafi kudu neman kuɗi an daina jin ɗuriyarsa. Duk ta bayan gida suke zuwa, ta wajen turken awaki, suna magana ƙasa-ƙasa. Yaya zai zaunar da mutum ya yi ta bayani cewa lissafi ne zalla, kamar yadda kowa ya san ranar da kasuwa za ta ci, na'urar ba ta san akuya ba. Sai su tashi da goronsu suna cewa Malam ya raina abin da suka kawo. Na ce masa ya riƙa korarsu da sanda. Ya ce jahilci ba a korarsa da sanda.

Ana wata ga wata. Bazara ta yi nisa, hadari na haɗuwa yana watsewa. A shekarun wadata mutane kan yi binne, su zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa a can. A waccan shekarar ba wanda ya isa ya yi wannan caca, don irin da ke hannun mutum shi ne na ƙarshe, a tulu ake liƙe shi a ɓoye wa yara. Yaya kuwa hutun makaranta ne ke ƙare masa, ga tsaron jarrabawa na jiransa, ya san in ruwa ya sauka ba zai samu sukuni ba. Sai ya ɗauki sungumi da ƙoƙon irinsa ya shiga gona da safe.

Mu a wajenmu gona na jingine da gona, in ka yi atishawa a taka na kusa zai ce yarhamukallah. Kafin rana ta take an gan shi. Washegari ko'ina ka juya ƙarar sungumi ce, mata da yara na bi suna rufewa da dunduniya. Na tambayi wani dattijo maƙwabcinmu, mutum mai iyali da yawa, ko lafiya yake zuba irinsa a ƙasa kamar toka. Ya kashe mini ido ya ce ai Malam ya duba.

Da na faɗa wa yaya sai da ƙoƙon ruwa ya suɓuce masa. Ya hau kekensa yana bi gona-gona, yana rantsuwa cewa bai san ranar ruwa ba, na'urarsa taurari take nunawa ba hadari ba, shi ma kasada ya yi. Suna ta gyaɗa kai suna murmushi, sungumi bai tsaya ba. A ganinsu ai mai duba na gaske ba ya amsa sunansa a fili.

Aka yi ruwa kuwa, amma na mugunta. Ɗan yayyafi ne da ya isa ya ta da iri daga barci, bai isa ya shayar da shi ba. Gonaki suka yi tsiri-tsiri kore shar, mutane na yi wa yaya kallon waliyyi. Daga nan sama ta rufe bakinta. Muna ji muna gani tsiron ya lanƙwashe, ya yi fari, iska ta share shi. Lokacin da ruwan gaske ya sauka, gidaje da dama babu ko ƙwayar da za su mayar. Dattijon nan na gan shi zaune a kunyar gonarsa ruwa na dukansa, bai ko motsa ba.

Ni a makon binnen ciwon baya ne ya kwantar da ni, don haka irina na nan a tulu. Wannan ma sai ya zama hujja. Aka ce ya ga fari na tafe, ya raɗa wa ƙaninsa, ya bar sauran jama'a suka faɗa rami. In ka ce ai shi ma tasa gonar ta ƙone, sai a ce ta ganin ido ce, mai albashi me ya dame shi. Na raba irina har na kusa rasa na kaina, wanda ya karɓa ma da harara yake karɓa. Yaya dai gaba kura baya sayaki: in ya san gaibu boka ne, in bai sani ba maƙaryaci ne da ya halaka mutane. Ba wanda ya yarda da ta ukun, cewa shi malamin makaranta ne da hutu ya ƙare masa.

Ladan bai taɓa zargin yaya kai tsaye ba, ya fi haka wayo. A majalisar gindin darbejiya yakan ce shi dai tambaya yake, don ƙaruwa: wanda ya je wajen mai duba an ce sallarsa ta kwana arba'in tana rataye, to ina wanda ya bi mai duban kansa salla? Sai ya bar tambayar ta yi aikinta. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki, don tun ranar da Baba ya fara tura yaya gaba abin ke cinsa.

Saboda kunyar Baba ba su daina zuwa masallaci ba. Abin da suka ɓullo da shi ya fi ƙauracewa ciwo. Za su bi yaya salla lafiya lau, yana sallamewa sai su miƙe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sake tasa daga farko, a gabansa, yana zaune yana fuskantarsu. Baba ba ya gani, amma kunnensa ras. Wata rana ina riƙe da hannunsa za mu koma gida ya tambaye ni motsin me yake ji bayan sallama. Na ce nafila mutane ke yi.

«Nafila bayan la'asar?» in ji shi.

Muka ci gaba da tafiya. Na ji hannunsa ya yi nauyi a nawa.

Yaya har lokacin yana ganin bayani zai yi magani. Wani yammaci bayan magariba, wata na rabinsa, ya kafa bututun a filin masallaci ya ce kowa ya zo ya leƙa da idonsa, ya ga babu komai ciki sai madubi da ikon Allah. Aka yi cirko-cirko daga nesa. Can dattijon nan ya matso, ya yi bisimilla ya kafa ido. Bai daɗe ba ya ja da baya yana neman tsari. Ya ce shi watan da ya sani sumul yake, wannan kuwa duk ramuka kamar fuskar mai zanzana, yaron nan har watan Allah bai bari ba. Yaya ya yi sauri ya buɗe kwamfuta ya nuna musu hoton gajimaren nan mai launi, wanda ya fi alfahari da shi. Yana bayani da zumuɗi, ya ce amfanin na'urar shi ne tana fito da abin da ido ba ya gani.

Ladan ya ce a hankali, «Abin da ido ba ya gani. Wato gaibu ke nan.»

Baki shi ke yanka wuya. Na ga yaya ya buɗe nasa zai gyara, amma ba mai saurarensa. Mutane suka soma neman takalmansu.

A daren Baba ya kira mu. Bai yi faɗa ba, bai ma ce yaya ya yi laifi ba. Ya ce shi ya san abin da ke cikin bututun nan, ya sha jin daɗinsa, amma masallaci ya fi madubi, a ba su abin da suke so ko a samu a rufe bakinsu. Na ce wallahi ba za su rufe ba, kura ce in ka jefa mata ƙafa hannu za ta nema. Baba ya ce in yi shiru manya na magana. Yaya ya ce to.

Da hantsi ya fitar da kayan gaba ɗaya ya jera a filin masallaci. An ce a madubin ne aljanun ke zaune, don haka shi aka fara nema. Abin da har yau ban manta ba shi ne yadda ya kwance shi: a hankali, ƙusa bayan ƙusa, yana tallabe da shi kada yatsansa ya taɓa fuskar, kamar dai yadda yake yi kullum in zai goge. Sannan ya ajiye a ƙasa. Wani saurayi da yaya ya koya wa karatu ya ɗaga dutsen guga ya sake a kai. Kwamfuta da kyamara aka tsoma su a kwamin shayar da shanu, da duk hotunan shekarun da ya yi yana tarawa. Na so in yi kan saurayin, amma Baba ya riga ya ɗaure ni da magana. Bututun kuwa ba a fasa ba, an ce shi ba shi da laifi. Kafin damina ta yi nisa na gan shi a saman soron ladan, an yi indararo da shi.

Tsugune ba ta ƙare ba. Kafin la'asar maganar da ke yawo ita ce da yaya ba shi da laifi ai ba zai yarda a fasa ba. Wasu suka ce yanzu ma ya fi haɗari, tunda ya kai matsayin da ba ya buƙatar madubi. Masu sake salla suka ƙaru. Baba ya ce a tsayar da shi a gaba, shi da kansa zai koma limancinsa. Ya yi 'yan kwanaki yana dafa bango, har ranar da ya tafi ruku'u gwiwa ta ƙi ɗaukarsa. Muka kai shi ɗaki, bai sake fitowa da ƙafarsa ba. Ladan ya shige gaba ba tare da kowa ya ce ya shiga ba, yaya kuma bai ja da shi ba.

Ba mu faɗa wa Baba ba, shi ma bai tambaya ba. Abu ɗaya ya maimaita mini, yana riƙe da wuyan rigata da ɗan ƙarfin da ya rage masa: in tabbata ɗansa ne ya sallace shi. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗu. Ya rasu da asuba cikin marka, gero bai nuna ba, rumbuna wayam.

Jama'a ta taru sosai, har daga ƙauyukan da ke kewaye, don Baba ya ɗaura auren iyayen wasu ya raɗa sunan 'ya'yansu. Muka yi masa wanka muka suturta shi, aka fito da makara aka ajiye a ƙofar gida. Na ɗaga murya na ce kowa ya san wasiyyar mamaci. Yaya ya matsa gaba ya tsaya daidai gawar, ya gyara hularsa, ya ce a daidaita sahu.

Na tsaya a bayansa. Wasu tsofaffi biyu baƙi da ba su san zancen ba suka tsaya kusa da ni. Sauran jama'a kuwa, filin nan cike, ba wanda ya ɗaga ƙafa. Ba hayaniya, ba zagi. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsunsa, ladan ya harɗe hannu a baya yana kallon reshen darbejiya. Hadarin safe ya waske, rana ta fito da zafinta na damina, ƙudaje suka soma sauka a kan likkafani. Daga cikin gida ana jiyo kukan mata. Tsofaffin nan biyu suka waiga, suka ga yadda ake ciki, su ma suka ja da baya a hankali.

Na juya na fara faɗa musu abin da ke bakina. Na kira sunayen masu zuwa wajen yaya ta turken awaki, na ce in sun isa su musa. Na ce mu biyu ma mun isa, salla ta yi, su tafi da sahunsu. Sai na ji yaya ya riƙe mini hannu. Idonsa a bushe yake, muryarsa kuma ba ta fi ta mai tambayar hanya ba.

«Baba ya fi buƙatar addu'ar mutanen nan a kan tawa muryar,» in ji shi. «Kada mu bar shi a rana.»

Na ce wasiyya fa. Ya ce shi zai amsa wannan a gaban Allah.

Ya baro wajen ya ratsa ta cikin mutane, suna darewa suna ba shi hanya. Tun bai kai baya ba ladan ya riga ya tsaya a gurbinsa, sahu kuma ya haɗu nan da nan, layi bayan layi, gwanin sha'awa, irin jama'ar da kowane mamaci zai so. Yaya ya shiga sahun ƙarshe. Wanda ke kusa da shi ya matsa gefe, na gaba da wancan ma ya matsa.

Na bi shi na haɗa kafaɗata da tasa. Da aka yi kabbarar farko na ji kafaɗar tana rawa, ba ta kuma daina ba. Ɗaya gefen nasa kuwa har aka sallame a buɗe yake, fili guda da jaki zai wuce da kayansa.